Kambu a Ƙugun Ƙaramin Mutum

A damben zamani, wanda ake sa safar hannu a hau dandali mai igiyoyi, akwai ajin 'yan damben da nauyinsu ba ya wuce kilo 50.8. Shi ake kira fulaiwet. Ranar awo mutum zai tuɓe ya hau sikeli a gaban jama'a, in ya ɗara ko da ƙiris ne, ba shi ba kambu. Nauyin buhun siminti guda ke nan da ɗan ɗori, irin wanda kai ɗan'uwana mai lodi a Sharada kake saɓawa a kafaɗa ka haura mota da shi ba ka ko tsaya nishi ba. Da wannan ɗan nauyi wasu mazaje suka riƙe duniya shekara da shekaru, suka sa ƙasashensu suka ɗaga kai. Labarinsu na kawo muku, ku ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, domin na daɗe ina kallonku a matsayin 'yan ajinsu.

Ku tsayar da yaro a Sabon Gari ko a Fagge ku ce ya lissafa 'yan damben duniya. Zai ce Muhammad Ali, zai ce Tyson, zai ce Anthony Joshua. Duk manya ne, masu ƙirar samudawa. Kuɗi wurinsu yake zuwa, kyamara su take bi. Ƙananan kuwa sau da yawa da wuri ake sa wasansu, tun kujeru ba su cika ba, ladan da ake ba su kuma ba ya kama ƙafar na manya. Amma duk wanda ya san dambe zai gaya muku cewa a ajin ƙanana gwaninta take zama tsantsarta. Babban mutum yana iya yin lalaci turmi tara, ya sami sa'ar naushi ɗaya a na goma ya tashi wasa. Ƙarami da wuya ya sami wannan gata. Dole ƙafarsa ta yi ta aiki, idonsa a buɗe, numfashinsa ya kai shi har ƙararrawar ƙarshe.

Haka kayanku suke fita. Katan ɗin sabulu, dilar tabarmar roba, buhun taliya, kirgin da aka jeme, takalmin da za a baza a Ƙofar Wambai, bokitin da zai kai har Maraɗi da Damagaram, duk sunan mai kamfani ne a jiki. Babu mai tambayar wane ne ya tsaya kan injin tun shida na safe, wace ce ta zauna tana jera kaya a kwali har bayanta ya ƙage, wane makaniki ne ya kwana a ƙarƙashin janareto don kada layin aiki ya tsaya. Wannan ma ba yau ya fara ba. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsallaka Sahara, ta isa Turai ana sayar da ita da sunan fatar Maroko. Hannun kakanninku majema ne ya jeme ta, suna ya tafi ga wanda ya yi dillancinta. Bature matafiyi Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kai wa har Tambutu da Tarabulus. Ku jikokin masu wannan hannu ne, kuma ina so ku riƙa jin haka a jikinku duk sanda kuka sa ƙafa a ƙofar masana'anta.

Mutumin farko da duniya ta yarda shi ne sarkin wannan aji lebura ne. Jimmy Wilde, ɗan yankin Wales a Birtaniya, tun yana yaro yake shiga ramin haƙar kwal. Siriri ne har likita zai iya tausaya masa. Ya fara dambe a rumfunan wasa na kasuwa, inda duk ƙaton da ya ga dama zai fito ya gwada shi, shi kuwa yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya. A 1916 ya ɗauki kambun duniya, ya riƙe shi har 1923. Nasarorinsa da aka rubuta sun haura 130, faɗuwarsa ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya karɓe kambun daga hannunsa a birnin New York shi ma ɗan talakawa ne daga Filifin, ana yi masa laƙabi da Pancho Villa, kuma shi ne mutumin nahiyar Asiya na farko da ya zama zakaran duniya a dambe. Daga nan ajin ya zama ƙofar da ƙasashen da ba a ɗauke su bakin komai ba suke shigowa ta cikinta. Yoshio Shirai ya ba Japan kambunta na farko a 1952, shekara bakwai bayan yaƙin duniya na biyu ya mayar da biranenta da masana'antunta toka. Pascual Pérez ya ba Ajantina nata a 1954. Pone Kingpetch ya ba Tailan nata a 1960. Ƙaramin goro ya fi babban dutse, in ji masu iya magana.

To yaya mutum yake kaiwa ga kambu? A nan ne maganar ta fi shafarmu. Hukumomi huɗu ne manya a damben duniya: WBA, WBC, IBF da WBO. Kowace tana fitar da jadawalin gwanayen kowane aji, galibi wata-wata, kuma goma sha biyar na farko su ne ke da hurumin neman kambu. Zakara yana can sama, ba ya cikin lissafi. Sabon shiga ba ya ma cikin takardar. Zai fara da wasan turmi huɗu a ƙaramin zaure, ya koma shida, ya koma takwas, ya ci kambun ƙasarsa, ya ci na nahiya, sannan wata rana ya ga sunansa a lamba ta sha huɗu. Daga nan kowane mataki sai ya buge wanda ke samansa. In ya kai lamba ta ɗaya, doka ta tilasta wa zakara ya kara da shi cikin wa'adi, in ya ƙi a tuɓe shi. Kowane wasa kuma ana rubuta shi: rana, gari, abokin karawa, yadda aka tashi. Wannan kundin shi ne dukiyar ɗan dambe. Ko a ina ya sauka, da shi ake auna shi.

Kai fa, ƙanena, ina naka kundin? Na san matasa da yawa a Bompai da Dakata waɗanda za su warware injin allurar roba su mayar da shi kamar su suka ƙera shi, masu walda a Ja'en da ɗinkin ƙarfensu ya fi na wanda ya yi digiri tsabta, masu haɗa wutar masana'anta da ke gane matsala daga jin ƙarar inji. Amma in aka rufe kamfani yau, gobe sai su je wani wuri a ɗauke su sababbin lebura, domin babu takardar da ke shaida abin da hannunsu ya sani. Shekara goma ta tafi ba a rubuta ta ba. Wannan yana ƙona mini rai, kuma yana da magani. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a, mataki uku: aji na uku, na biyu, na ɗaya. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda aka kafa tun 1971, yana da shirye-shiryen koyar da sana'a. Ga kwalejojin fasaha da ke yin karatun yamma da na ƙarshen mako. Je ka tambaya, yanki fom, zauna ka rubuta. Kada ka ce ka tsufa, kada ka ce turancinka bai kai ba. Abin da za a gwada yana cikin tafin hannunka. In za ka bar wani kamfani, nemi takardar shaidar shekarun da ka yi da injin da ka riƙe. Hawa jadawali ke nan, mataki bayan mataki.

Bari in daɗe kaɗan a kan mutumin da na fi ƙauna a tarihin wannan aji, Miguel Canto, ɗan garin Merida a ƙasar Mekziko. Gajere ne ko a cikin gajeru, kuma naushinsa ba mai kashe wuta ba ne. Wasansa na farko na ƙwararru faɗuwa ya yi. Karonsa na farko na neman kambun duniya, a 1973, Betulio González ɗan Benezuwela ya doke shi da maki. Da wani ne, da ya tattara safarsa ya koma gida. Canto ya koma zauren atisaye, ya sake hawa jadawali, a watan Janairun 1975 ya tafi har Japan ya karɓo kambun WBC daga hannun Shoji Oguma a gaban mutanensa. Daga nan ya kare shi sau 14, har zuwa 1979 da Park Chan-hee ɗan Koriya ya karɓa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kusan duk waɗannan wasanni sai da aka cika turmi 15. Turmi guda minti uku ne. Ku lissafa: minti 45 ana kai masa hari, yana gocewa, yana karewa, yana sakawa, bai yarda hankalinsa ya tafi ko na ƙiftawar ido ba, sannan bayan 'yan watanni a kawo masa wani sabon matashi mai yunwa a sake daga farko. González ɗin da ya taɓa doke shi ma ya dawo, Canto ya rama har sau biyu. Mutanensa suka yi masa laƙabi da Malam, domin kallon wasansa darasi ne.

Duk wanda ya taɓa riƙe injin na awa goma sha biyu ya san wannan irin ƙarfin. Cin kambu aikin dare ɗaya ne, kowa zai yi tafi. Riƙe shi kuwa aikin kullum ne, babu mai tafi. Baba da ya shekara ashirin yana kan ganga a majemar Challawa, bai taɓa ɓata fata da yawan sinadari ba, bai taɓa makara ba, ya aurar da 'ya'yansa da wannan ɗan albashin, ya kai wani jami'a, wannan zakara ne mai riƙe da kambu, ko da kuwa babu jaridar da ta buga hotonsa. Ina so matasan da ke aiki a ƙarƙashin irin waɗannan dattawa su riƙa yi musu kallon da 'yan Mekziko suke yi wa Canto. Ku matsa kusa da su, ku yi tambaya, ku kwashi abin da ke kansu tun suna nan.

Kuma ku kun riƙe naku kambun a lokacin da fagen kansa yake rushewa. Waɗanda suka ga Bompai a shekarun 1970 da farkon 1980 suna ba da labarin jiniyar tashi daga aiki da kekuna da suke cika titi kamar an tashi daga Idi. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wuta ta zama sai an ga dama. Yadi da atamfa na waje suka cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Kano da Kaduna baki ɗaya. Yau in ka zaga Sharada za ka ga manyan gine-gine da ciyawa ta cinye harabarsu, wasu an mayar da su ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga ƙetare. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin adaidaita sahu daga Panshekara ko Rimin Kebe ya fara cinye rabon miya. A Afrilun 2024 kuɗin wutar manyan layuka ya ninka sau uku. Duk da haka hayaƙi bai daina tashi a Challawa ba, injin bai yi shiru a Sharada ba, kuma dalilin haka ku ne. Kada wani ya sa ku ji kamar ku ragowar wani zamani ne da ya wuce. Ku ne kuka hana Kano komawa kasuwa zalla, mai sayar da abin da wasu suka ƙera.

Ga wanda aka sallama daga aiki, ko wanda ya gwada buɗe ɗan shagonsa jari ya karye, ga labarin Daisuke Naito. Ɗan Japan ne da ya taso ana cin zalinsa a makaranta. A 2002 ya tafi Tailan neman kambun WBC a hannun Pongsaklek Wonjongkam, gwanin da ya ɗauki kambun a 2001 kuma ya zo ya kare shi sau 17. Cikin daƙiƙa 34 aka shimfiɗe Naito. Daƙiƙa 34, ko ɗaura takalmi mutum bai gama ba. Ya koma ƙasarsa da kunyar da ta fi ciwon naushin. Bai ajiye safa ba. Ya ci gaba da aikin wucin gadi a wani shagon ba da hayar motoci yana ciyar da gidansa, yana atisaye, yana cin ƙananan wasanni, har ya sake hawowa. A 2005 aka sake haɗa su, ya sake faɗuwa, wannan karon da maki. Mutane suka ce ai shi ke nan, an san iyakarsa. A watan Yulin 2007, yana da shekara 32, shekarun da ake ganin ɗan ƙaramin aji ya fara gangara, ya hau karo na uku a Tokyo, ya yi turmi 12 cur, alƙalai uku duka suka ba shi. Mutumin da aka kayar cikin rabin minti shi ne ya kawo ƙarshen mulkin shekara shida. Shi ma Pongsaklek ɗin bai kwanta ba, a 2010 ya dawo ya sake ɗaukar kambun. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma ku lura, tsakanin 2002 da 2007 Naito bai zauna a majalisa yana jiran rabo ba. Kullum yana zauren atisaye.

Ba zan ɓoye muku ba, jadawalin nan mutane ne suke rubuta shi a ofis, kuma son rai yana shiga. A shekarar 2000 kotu a Amurka ta sami tsohon shugaban IBF, Robert Lee, da laifuffukan kuɗi, a shari'ar da ta taso daga zargin karɓar cin hanci don ɗaga sunayen 'yan dambe. Hukumar WBO kuma ta taɓa ɗaga wani ɗan dambe mai suna Darrin Morris zuwa sama a jadawalinta alhali ya riga ya rasu. Kun san irin wannan a wuraren aiki: wanda ya iya gaisuwa ya wuce wanda ya iya aiki, ɗan'uwan wane ya zo jiya yau shi ne foman. Abin yana da ciwo, kuma ba daidai ba ne. Sai dai a dambe akwai ranar da ake rufe igiya a bar mutum biyu da alƙali, a ranar takarda ba ta kare kowa. A masana'anta ma ranar tana zuwa: injin ya tsaya, oda tana jira, mai kamfani yana zufa, sai a fara cewa ina wane? A ranar ake sanin lamba ɗaya ta gaskiya. Ka tabbata kai ne ake nema, sannan in an neme ka, ka san darajarka.

Sanin daraja shi ne darasin Moruti Mthalane, ɗan Afirka ta Kudu daga lardin KwaZulu-Natal. A 2008 ya nemi kambun IBF a Las Vegas wurin Nonito Donaire, aka tsayar da wasan saboda tsagewar da ya samu a fatar ido. A 2009 ya dawo ya ci kambun a Johannesburg, ya kare shi a kan gwanaye irin su Zolani Tete da John Riel Casimero, waɗanda daga baya su ma suka zama zakarun duniya. Sai aka zo 2014, aka ce ya tafi Tailan ya kare kambunsa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ya duba wahalar atisayen watanni, ya duba jinin da zai zubar, ya duba abin da za a miƙa masa, ya ajiye musu kambun. Ba a buge shi ba, shi ya ƙi sayar da guminsa da arha. Ya ci gaba da dambe yana cin wasanninsa, shekara huɗu yana waje, har a Yulin 2018, yana da shekara 35, ya doke Muhammad Waseem ɗan Pakistan a Kuala Lumpur ya sake ɗaura wannan kambun dai a ƙugunsa. Bai sake shi ba sai a 2021, a hannun Sunny Edwards a Landan.

Ba ina cewa kowa ya ajiye aiki ya fita ba; mai iyali ya san abin da ke jiransa a gida. Ina cewa haƙuri da aiki daban, yarda a taka ka daban, kuma doka tana tare da ku a wurare da yawa da ba ku nema. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kuma ta hau kan duk wurin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda inji ya ci wa yatsa ko sinadari ya taɓa wa huhu, ta hannun asusun NSITF. Ɗan dambe shi kaɗai yake hawa dandali, amma yana da mutanen kusurwa masu ba shi ruwa, masu tsayar masa da jini, masu yi masa ciniki. Kusurwarku ita ce ƙungiya. Mutum ɗaya in ya je ofis yana neman safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, ana iya nuna masa ƙofa. Mutum ɗari biyu in suka aiko wakilai cikin ladabi da hujja a rubuce, za a ba su kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku shiga ƙungiya, ku halarci taronta, ku zaɓi masu amana, ku tambaye su lissafi. Masu kamfanin da suke biyan haƙƙi a kan lokaci cikin wannan tsadar dizal, su ma ku riƙe musu amana, domin wuya ɗaya kuke sha.

Akwai abokin gaba da ba ya hawa dandali, shi ne sikeli. Manny Pacquiao, wanda ya taso yana tallan burodi a titunan General Santos, ya yi leburancin gini a Manila, ya ci kambun WBC na wannan aji a Disambar 1998 yana ɗan shekara 19, bayan ya buge Chatchai Sasakul a turmi na takwas a Tailan. Wata tara bayan haka ya rasa kambun tun kafin a buga ƙararrawa, domin jikinsa ya ƙi sauka zuwa nauyin da aka ƙayyade. Ya hau wasan a galabaice aka kayar da shi. Shi dai ya gane jikinsa ya girmi ajin, ya haura sama, ya zo ya ci kambu a aji takwas. Abin da nake so ku ɗauka a nan shi ne jiki amana ne, kuma shi ne jarinku kaf. Ƙannena masu aikin dare, ina roƙonku da girman Allah ku rabu da ƙwayar da ake cewa tana ƙara ƙarfi. Tiramadol ba ya ƙara wa kowa ƙarfi, ƙarfin gobe yake ranto maka yau, kuma da riba yake karɓa. Mai maye a gaban injin yanka ko gangar jima yana wasa da hannunsa da na abokin aikinsa. Ku ci abinci ko garau-garau ne, ku sha ruwa, ku yi barci in an tashi, ku sa kayan kariya ko da zafi ake yi. Wanda yake so ya yi shekara talatin a fage ba ya ƙone kansa a shekara uku.

Mu Kanawa ba baƙin dambe ba ne. Wanda ya taɓa shiga gidan damben Ado Bayero Square ya ga yadda 'yan Arewa da Kudu da Guramaɗa suke sa zare, ya ga ɗan ƙaramin yaro ya shammaci ƙato ya kai shi ƙasa fage ya ruɗe da ihu. Damben gargajiya ma asalinsa wasan masu sana'a ne, wasan mahauta, mutanen da suke wuni cikin aiki sannan su ɗaura zare da yamma. Sunan Shago yana raye har yau domin Ɗan Anace ya waƙe shi. Ma'aikacin masana'anta ba shi da makaɗi, don haka ku zama makaɗan juna. In abokin aikinka ya gyara abin da ya gagari kowa, faɗa a gaban mutane. In 'yar'uwarmu da ke sashen shirya kaya ta fi kowa sauri da tsabta, a san da ita, a girmama ta. Ku dubi ɗan dambe Baby Jake Matlala na Soweto: tsawonsa mita 1.47 ne kacal, ya faɗi a neman kambunsa na farko a Belfast a 1991, ya je Glasgow a 1993 ya ci kambun WBO, kuma a wasansa na ƙarshe a 2002 Nelson Mandela da kansa ya zo ya zauna a gefen dandali, Matlala ya sauko ya miƙa masa ɗamararsa. Al'ummar da ta san darajar ƙanananta haka take yi musu, kuma girmamawar tana farawa ne daga 'yan aji ɗaya.

A dokar dambe, in zakara ya ajiye kambu ko aka tuɓe shi, ba a fita titi neman wanda za a ba. Jadawali ake buɗewa a kira na sama, waɗanda suka ci gaba da wasa lokacin da babu kambu a gabansu. Haka Mthalane ya samu a 2009, haka ya sake samu a 2018. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614. Duk ranar da gas ya wadata a Challawa da Sharada da Bompai, injinan da suka yi tsatsa za su nemi masu tada su, sababbi za su nemi masu riƙe su, kuma masu zuba jari za su tambayi abu ɗaya: akwai hannu a garin nan? In babu, daga wani wuri za a ɗauko, 'ya'yanmu su koma masu gadi da share harabar. Saboda haka kai ofareta, koyi gyaran injin da kake tuƙawa. Kai makaniki, koyi karanta zanen wuta da allon kwamfutar da sababbin injina suke zuwa da shi. Ke da kike ɗinkin buhu, nemi a koya miki saita keken da kanki. Kai Baba, ɗauki yaro biyu ka zuba musu abin da ka sani kafin ka yi ritaya. Wanda bai da takardar gwajin sana'a ya nufi ofishin ƙwadago a watan nan ya tambayi ranar jarrabawa, ya kuma ja abokin aikinsa su tafi tare.